Yadda Haihuwa Ke Shafar Hanjin Jariri

Ya ku iyaye da malaman Yauri, Ngaski da Shanga: jaririn da mahaifiyarsa ta haifa da kanta yakan gaji ƙwayoyin halitta masu amfani daga jikinta, su zauna a hanjinsa, su ƙarfafa garkuwar jikinsa. Binciken jarirai 596 a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna waɗanda aka ciro ta tiyata sukan samu kaɗan da farko, amma bambancin yakan ragu ƙwarai kafin shekara guda.

Saboda haka idan naƙuda ta tsananta, kada a ƙi tiyata. A hanzarta zuwa Babban Asibitin Yauri, ko da daga tsibiri ne. Kada a zubar da dakashi, domin nono ne abincin waɗannan ƙwayoyi. A shayar da nono zalla wata 6, ban da ruwan tafki.