Nas Ɗin Yara: Aikin da Ƙauyukanmu Ke Jira

Duk wadda ta tashi a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa ko Kunci ta san yadda ƙarshen damina yake. Gero ya nuna a gona, rumbu kuwa ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa. Sai ki ga uwa ta goyo ɗanta jikinsa zafi rau, ta nufi asibiti. Wa za ta fara tararwa? Nas.

Aikin nas ɗin yara ba sa farin kaya ba ne kawai. Jariri ba ya cewa ga inda ke masa ciwo, ita za ta karanta a numfashinsa da idonsa. Tana auna nauyinsa, domin maganin yaro da nauyinsa ake lissafawa. Tana zagaya damtsensa da ɗan tef, in bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani. Ita ke koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari, ta tuna mata allurar ƙyanda a wata 9. Kuma uwa ta fi sakin jiki da mace 'yar garinsu.

To, ta ina ake shiga? Tun daga aji huɗu na sakandare, 'yar'uwa, ki zaɓi ajin kimiyya. Ana neman kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Daga nan sai makarantar koyon jinya ko Jami'ar Bayero, shekara 3 zuwa 5 gwargwadon inda kika shiga, sannan jarrabawar hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa. Bayan kin sami lasisi sai ki ƙaro karatu a fannin yara, kamar wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai kwanan asibiti, akwai ranar da yaro zai cika a hannunki. Wani saurayin ma zai ce sai kin ajiye aikin. Ku yi wannan maganar tun kafin a kawo lefe.

In Baba ya yi ɗari-ɗari, ki tuna masa cikin ladabi cewa Rufaida Al'aslamiyya ta yi jinyar masu rauni a tantinta a Madina tun zamanin Manzon Allah (SAW).

Allah Ya ba mu sa'a, amin.