Nahawun Allo: Yadda Ake Bin Hanya a Cikin Manhajar Tafiyar da Kamfani

Manyan kamfanoni sun daina riƙe lissafinsu a littattafai barkatai. Saye da sayarwa, kayan da ke ajiye, albashin ma'aikata da basussuka, duk suna taruwa a manhaja guda mai rumbun bayanai guda, wadda ake taƙaita sunanta da ERP a Turanci, PGI a Faransanci. Idan mai kula da ma'ajiya ya shigar da kayan da suka iso, nan take akanta zai ga sakamakon a nasa allon. Saboda wannan haɗin, kuskuren mutum ɗaya kan bi layi har ya ɓulla a lissafin ƙarshen shekara.

Sabon ma'aikaci kan ɗauki fuskar irin wannan manhaja tamkar daji: ɗaruruwan tagogi, dubban gurabe da lambobi marasa kan gado. Wannan maƙala za ta nuna cewa fuskar tana da tsari irin na harshe, da ƙirar kalmarta da nau'o'in furucinta, kuma wanda ya gane tsarin ya huta da yawan hadda. An ɗauki misalai daga SAP, manhajar kamfanin Jamus da tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a 1972, mai hedikwata a Walldorf.

Ƙofofin shiga uku

Kafin komai, allon farko yana neman abubuwa huɗu: lamba mai alƙaluma uku da ke nuna sashen rumbun da za a shiga, sunan ma'aikaci, kalmar sirri, da harufa biyu na harshen da ake so, kamar FR ko EN ko DE. Daga nan akwai hanyoyi uku na isa ga aiki.

Ta farko ita ce jerin zaɓi mai rassa. Ana buɗe babban reshe, a ce na sayarwa, a sauka zuwa na oda, sannan a zaɓi ƙirƙira. Masanin ilimin ma'ana zai gane dangantakar nan da nan, domin ita ce ta kalma mai faɗi da kalmomin da ke ƙarƙashinta, kamar yadda hatsi ya tattara gero da dawa da maiwa.

Ta biyu ita ce gurbin umarni da ke saman allo, inda ake rubuta gajeriyar lambar aiki a tsallake rassan baki ɗaya. Ƙwararru sun fi bin wannan hanya don ta fi sauri.

Ta uku ta zo da Fiori, sabuwar fuskar da kamfanin ya fitar a 2013. A nan ma'aikaci yana ganin ƴan akwatuna a jere, kowanne na aiki guda, kuma ba a nuna masa sai waɗanda muƙaminsa ya ba shi izini. Allon mai karɓar kaya da na shugaban sashen kuɗi ba su yin kama, ko da yake rumbu ɗaya suke ɗiba.

Ƙirar lambobin aiki

Lambobin da ake rubutawa a gurbin umarni su ne suka fi tsorata mai koyo, alhali su ne suka fi bin ƙa'ida. A duba waɗannan: VA01 ƙirƙirar odar sayarwa, VA02 gyara ta, VA03 duba ta ba tare da taɓa komai ba. MM01, MM02 da MM03 suna yin ayyukan nan uku a kan bayanan kaya. ME21N, ME22N da ME23N kuwa na odar saye ne. Harufan farko suna tsaye a matsayin saiwa mai ɗauke da abin da ake magana a kai, alƙalami na ƙarshe kuma ɗafa-ƙeya ne mai fayyace aikin: 1 ƙirƙira, 2 gyara, 3 dubawa.

Mai jin Hausa ya saba da irin wannan tsari tun daga nono. A rabe-raben aikatau bakwai da F. W. Parsons ya gabatar a 1960, saiwa guda kan sauya ma'ana ta hanyar ƙarshenta: saya, sayo, saye, sayar. Wanda ya san aikin ƙarshen "-o" a sayo zai fahimci ɗauko da turo ko da bai taɓa jin su ba. Haka wanda ya san VA03 zai iya hasashen abin da MM03 ke yi.

Akwai ɗafa-goshi ma. Idan aka sa /n a gaban lamba, manhajar za ta bar aikin da ake ciki ta buɗe sabon a taga ɗaya, kuma abin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Idan /o aka sa, sabon aikin zai buɗe a wata taga dabam, na farko yana nan yadda aka bar shi. Harafi ɗaya ne tsakanin asarar aikin awa guda da tsira da shi.

Kamar kowane harshe, wannan ma yana da kalmomin da suka ƙi bin ƙa'ida. MIGO, ta shige da ficen kaya, da MIRO, ta shigar da takardar neman biya daga mai kawo kaya, ba su da alƙaluman ƙarshe, sai dai a haddace su.

Jamusancin da ya daskare

Me ya sa odar sayarwa ta zama VA? Amsar tana cikin tarihin kalmomin. V ta fito daga kalmar Jamusanci ta sayarwa, A kuma daga Auftrag, wato oda. E ta cikin ME daga Einkauf take, ma'ana saye. Teburin bayanan masu sayen kaya sunansa KNA1, daga Kunde. Na masu kawo kaya LFA1, daga Lieferant. An fassara rubutun allo zuwa harsuna masu yawa, amma waɗannan sunaye na ciki sun tsaya yadda masu ƙirar farko suka sa su. Akanta a Yamai da ke karanta allo da Faransanci yana buga gutsattsarin Jamusanci kullum ba tare da ya lura ba, kamar yadda Bahaushe ke cewa littafi ko alƙali bai damu da cewa "li" da "al" na farkonsu ragowar harafin fayyacewa ne na Larabci ba.

Furucin da ke aikata abu

Inda haɗari ya fi yawa shi ne maɓallai. J. L. Austin, a laccocinsa da aka buga a 1962, ya bambanta furucin da ke ba da labari da wanda faɗinsa shi ne aikata shi, kamar ɗaurin aure ko raɗin suna. Maɓallan manhaja sun kasu haka. F1 yana bayyana ma'anar gurbi, F4 yana kawo jerin abubuwan da aka yarda a saka a ciki, F3 yana komawa baya. Babu wanda ya canja komai a rumbu. Maɓallin adanawa kuwa, idan ana cikin aikin lissafin kuɗi, tabbatar da rubutu yake yi a littafin kamfani, a ba shi lamba. Daga nan FB02 ba ta barin a taɓa adadin kuɗin. Sai dai a warware shi da wani rubutun ta FB08, kuma duka biyun za su zauna a littafi ga mai bincike.

Wannan tsauri yana da tushe a doka. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, kuma tsarin lissafinsu na SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ya hana gogewa ko sauya rubutun da aka riga aka tabbatar a kwamfuta. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, kuma a nan karin maganar ta zama ƙa'idar aiki.

Manhajar ma tana mayar da magana, a layin da ke ƙasan allo. Saƙo mai kore yana nufin aiki ya yiwu. Mai ja yana tsayar da mutum sai ya gyara. Mai ruwan ɗorawa gargaɗi ne da ake iya wucewa da danna maɓallin shigarwa, shi ya sa ya fi sauran cutarwa: hannun da ya saba da sauri kan wuce shi ido bai karanta ba.

Idan allon zai yi Hausa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Duk ranar da aka tashi fassara irin waɗannan manhajoji, matsaloli uku na jiran masana harshe.

Ta farko, jinsi. Faransanci da Jamusanci suna rubuta maɓalli da sigar aikatau marar aikau. Hausa tana iya amfani da umarni tsura, kamar buɗe ko adana, domin ma'aikaci ne ke umartar na'ura. Amma idan na'ura ce ke magana da ma'aikaci, dole a zaɓa tsakanin ka da ki da ku. Wakilin suna "a" shi ne mafita: a cike wannan gurbi, a tabbatar da kwanan wata.

Ta biyu, kusancin kalmomi. Rassan saye da sayarwa saiwarsu ɗaya, kuma ido mai gaggawa zai iya musanya su. Haka bashi: asusu na 401 a SYSCOHADA na waɗanda ke bin kamfani ne, na 411 kuma na waɗanda kamfani ke bi. Kalmar bashi ita kaɗai ba ta nuna wa ke bin wa, don haka sunan asusun sai ya ɗauki aikatau da aikau ɗinsa.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Ajiye da adana suna sa mai karatu ya zaci abin da ya ajiye zai iya ɗaukowa ya gyara. Sun dace da daftarin da aka jingine kafin a kammala. Rubutun da ya shiga littafi kuwa yana bukatar kalma mai nauyin tabbatar ko zartar, wadda za ta sa hannu ya dakata kafin ya danna. Mai fassarar da ya haɗa ayyukan biyu a kalma ɗaya ya ɗana wa akanta tarko, kuma kuɗin kamfani da amincin ma'aikaci ne za su biya.

Ɗalibin da ya iya rarraba kalma zuwa saiwa da ɗafi, ya kuma san bambancin furucin labari da na aikatawa, yana riƙe da kayan aikin da wannan fage ke nema. Abin da ya rage shi ne a tattara sunayen da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa ke bai wa oda, ajiya, rance da warware ciniki, a gwada su da ainihin ma'aikatan lissafi, kafin a ɗora ko ɗaya daga cikinsu a kan maɓalli.