Tsutsotsin da ke shiga akwatin kifin teku a ɓoye: wacce ce abin tsoro?

Masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri kan jera duwatsun da aka ciro daga teku a cikin akwatin gilashi, domin murjani ya samu wurin kafuwa. A ramukan duwatsun nan tsutsotsi ke maƙalewa, sai bayan makonni su fara leƙowa da dare. Mai son ganin su sai ya kashe fitila ya haska da jar tocila, domin jan haske bai cika firgita su ba.

Galibinsu masu amfani ne. Siraran nan masu ruwan hoda da gajeren gashi a gefe biyu, ragowar abinci da mushe suke ci, kuma yawansu alama ce ta cewa abincin da ake zubawa ya wuce kima. Kashe su hasara ce.

Biyu ne ke bukatar a tashi tsaye. Tsutsar wuta, Hermodice carunculata, ta tekun Karibiyan da Bahar Rum, kakkaura ce mai tuntayen farin gashi a jere. Tana cin murjani, gashinta kuma yana karyewa cikin fata ya bar raɗaɗi kamar ƙuna, shi ya sa da hantsaki ake ɗaukar ta.

Ta biyu, 'yar dangin Eunice, daga kai ake gane ta: ƙahonni biyar da muƙamuƙi mai kaifi. A 2009, a gidan kifi na Newquay da ke Ingila, wata mai tsawon fiye da mita 1 ta daɗe tana datse murjani da raunata kifaye, sai da ma'aikata suka kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya kafin suka gano ta.