Tsara Shafin Intanet: Darasin Da Ba Ya Ƙarewa A Cikin Aji

Duk wanda ya ratsa unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi a lokacin rajistar ɗalibai ko ɗaukar ma'aikata, zai ga jama'a a shagunan kwamfuta suna biyan kuɗi domin a cika musu fom. Da yawansu sun iya karatu sarai, ga kuma waya a aljihu. Shafin ne kawai ya gagare su, domin wanda ya tsara shi bai taɓa tsayawa ya kalli wani yana fama da shi ba.

Magance wannan matsala fanni ne na ilmi mai zaman kansa, watau tsara shafi bisa la'akari da mai amfani da shi. Don Norman ne ya fito da sunansa a kamfanin Apple na Amurka a farkon shekarun 1990. A 2000 kuma Jakob Nielsen ya bayyana cewa gwaji da mutum 5 kacal yakan tono kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin shafi.

To, ashe ba sai da tsadaddun na'urori ba. Ɗalibi zai fara da takarda da fensir, ya zana shafin, sa'an nan ya mayar da shi kan manhaja irin su Figma. Daga nan sai ya miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ce masa ya nemi abu kaza, shi kuwa ya yi shiru yana rubuta inda mutumin ya rikice. Yin shirun nan shi ne mafi wuya, don hannun mai zane yakan yi ƙaiƙayin nuna hanya.

Amma abokin aji ba ma'auni ba ne. Ma'auni shi ne manomin shinkafa na Argungu mai ƙaramar waya da data ƙalilan, ko tsohon ma'aikaci mai bin fansho wanda ƙananan haruffa ke wahalar da idonsa. Har ila yau akwai ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda wasu nau'o'in haruffa ke mayarwa akwati.

Dama kuwa a buɗe take. Manhajar karatu da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da ta jiha da ke Aliero, ta 2006, suna iya ware wani abu daga wannan kaso domin ɗalibai su riƙa fita kasuwa da sakatariya da zanensu a hannu.