Daidaita Ma'auni a Binciken Gungun Taurari Daga Sararin Samaniya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ilmin taurari ke daidaita bayanan da suka tattaro kafin su yanke hukunci a kansu. An ɗauki misali daga shirin VSOP na ƙasar Japan. An zaɓi kalmar "daidaitawa" a maimakon "gyara", domin "gyara" na iya sa mai karatu ya zaci ana taɓa sakamako ne, alhali kuwa abin awon ake tantancewa, kamar yadda ake gwada mudu da mudun da kasuwa ta amince da shi.

2.0 Shirin VSOP

Akwai gungun taurari masu tafasasshiyar cibiya, inda wani ƙaton baƙin rami ke haɗiye abin da ke kewaye da shi, yana kuma feso igiyoyin rediyo masu ƙarfi. Saboda nisan waɗannan cibiyoyi, faifan karɓar igiyoyi guda ɗaya ba ya iya rarrabe siffarsu. Don haka akan haɗa faya-fayai da yawa su dubi abu ɗaya a lokaci guda. Gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, gwargwadon kaifin gani.

A watan Fabrairun 1997 Japan ta harba tauraron ɗan'adam mai suna HALCA, ɗauke da faifai mai faɗin mita 8, yana nisantar ƙasa har kilomita 21,400. Da aka haɗa shi da faya-fayan ƙasa, tazarar ta kai kusan ninki uku na abin da ake samu a doron ƙasa. An tsara jerin cibiyoyi 402 domin a auna su a kan zangon gigahaz 5.

3.0 Matakan Daidaitawa

Mataki na farko shi ne na lokaci. Igiya ɗaya ba ta isa ga faya-fayai biyu tare, saboda haka dole a san ratar da ke tsakani daidai wa daida. HALCA ba shi da agogon atam a cikinsa. Daga tashoshin ƙasa ake aika masa lokaci. Ga shi kuma yana gudu a falakinsa, ba a san matsayinsa ba sai da ɗan kuskure. Bayan an gwama bayanan faya-fayan, sai a sa kwamfuta ta lalubo ratar da igiyoyin suka dace da juna. Idan ba a same ta ba, abin da aka naɗa hayaniya ce kawai.

Mataki na biyu shi ne na ƙarfi. Lambobin da na'ura ke bayarwa ba su da ma'auni. Kowane faifai yana da hayaniyar kansa da iyakar jinsa, sai an auna waɗannan biyu sannan a mayar da lambobin zuwa ma'aunin Janski, wanda ake auna ƙarfin igiyoyin samaniya da shi.

4.0 Muhimmancin Aikin

Daga ƙarfin igiya da girman cibiya ake lissafa zafin haskenta. Tun a 1969 Kellermann da Pauliny-Toth suka nuna cewa bai kamata wannan zafi ya wuce kimanin digiri tiriliyan ɗaya a ma'aunin Kelbin ba. Binciken VSOP ya sami cibiyoyi da dama da suka zarce wannan iyaka, abin da masana suka danganta da feshin da ke nufo mu da gudun da ya kusa na haske. Tauraron Rasha na shirin RadioAstron, wanda aka harba a 2011, ya auna fiye da tiriliyan goma a cibiyar 3C 273. Da an yi sakaci wajen daidaitawa, da ba a iya bambance sabon ilmi da kuskuren na'ura ba.

5.0 Kammalawa

An rufe aikin HALCA a 2005, amma bayanansa suna nan a ajiye, tare da bayanin yadda aka daidaita su. Wannan bayani ne ke ba wani masani damar sake bin lissafin, ya tabbatar da shi ko ya gano inda aka kuskure.