Me Ya Sa Waƙoƙin Shata Da Ɗanƙwairo Ba Sa Haɗuwa A Hannun DJ Ranar Sallah?

Duk shekara idan Sallah ta zo, daga Agege har Sabon Ibadan, daga Ama Hausa ta Owerri har Lokpanta, rigimar ɗaya ce: dattawa su ce a sa musu Shata, matasa su ce a sa Hamisu Breaker, DJ kuma ya yi ƙoƙarin haɗa su, sai sauti ya dagule kamar an kora shanu cikin kasuwar tukwane. Ni daga Abbare nake, nan wajen Jalingo. Babana fataucin shanu yake daga Iware zuwa Kudu, ni kuma nakan riƙe kayan sauti a bukukuwa. Bari in faɗi inda matsalar take.

Abu na farko shi ne gudun kiɗa, wanda manhajoji irin su VirtualDJ ke nunawa da BPM, wato bugu nawa ake yi a minti ɗaya. Waƙar zamani a kwamfuta ake haɗa ta, idan ta fara da bugu 112 haka za ta ƙare. Amma Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da mutane yake aiki, masu kalangu da 'yan amshi. Idan waƙa ta yi zafi sai makaɗa su ƙara wuta, idan ya zo zayyana sunayen mutane sai su lafa masa. Lambar da manhaja ta rubuta maka a kan Bakandamiya kintace ce kawai. Ka danna maɓallin daidaitawa, bayan 'yan daƙiƙu bugun biyu sun raba hanya.

Ba mu kaɗai ba ne. Tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti da kuke ji a shagunan maƙwabta a Disamba, irin White Christmas da Bing Crosby ya rera a 1942 tare da gungun makaɗa, su ma haka suke ja da sassautawa, kuma DJ na Turai ma wahala suke sha da su.

Na biyu shi ne ki, wato matakin da sautin waƙa ya zauna a kai. Turawa suna saita kayan kiɗansu a kan ma'auni ɗaya, 440, shi ya sa aka iya yin da'irar Camelot mai lamba 1 zuwa 12, kowace da A da B. Dokar mai sauƙi ce: waƙar 8A tana shiga 7A, 9A ko 8B ba tare da kunne ya ji karo ba. To wa ya saita kuntigin Ɗan Maraya Jos a kan 440? Tsirkiya ɗaya ce, yakan ɗaure ta daidai muryarsa. Kotson Musa Ɗanƙwairo da kalangun Shata kuwa sautinsu hawa da sauka yake, domin makaɗi matsa tsirkiyoyin yake don gangar ta bi karin magana. Ƙwaryar Barmani Choge fa? Wace lamba za ka ba ta?

Sannan ga kaset. Da yawa daga waƙoƙin da ke wayoyinmu daga kaset aka kwafo su, wani lokacin kwafin kwafi. Rikodar da batirinta ya yi sanyi takan ja zare a hankali, sai gudu ya ragu, murya ta yi ƙasa. Shi ya sa za ka samu waƙa ɗaya a waya biyu, muryar mawaƙin ba iri ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jan waƙa da ƙarfi. Idan ka ƙara gudu da kashi 6 cikin ɗari, misali daga 100 zuwa 106, murya ta hau rabin mataki ke nan, sai dai in ka kunna makullin ki. Ka wuce haka, wallahi Ɗanƙwairo zai koma kamar yaro ɗan firamare. Makullin ma idan aka matsa masa sai kalangu ya riƙa rawa kamar a cikin ruwa. Dattijon da ya bar gida shekara talatin, ya zauna gaban Sarkin Hausawa yana jiran waƙar da ta tuna masa da hawan Sallah, ba zai yafe maka wannan ba, kuma baɗi wani za a kira.

Yadda nake yi: ba na ɗora tsohuwar waƙa a kan sabuwa. Ina jiran inda 'yan amshi suka kai ƙarshen amshi, in rage sauti, in bar ɗan numfashi ko maroƙi ya yi kirari, sannan in saki ta gaba daga farkonta. Kada ka yanke mawaƙi a tsakiyar ɗango, musamman inda yake ambaton wani basarake, domin wataƙila jikansa na zaune a wurin. Kuma ina jera su bisa dangin kiɗa: kotso da kotso, Narambaɗa ya bi Ɗanƙwairo, kalangu da kalangu, amada in mata sun cika fili. Kwana biyu kafin Sallah nakan saurari kowace da kunnena, in ƙirga bugun da agogo a farko da tsakiya da ƙarshe, in rubuta a takarda in manna a jikin sifika.