Ruwan da Ke Kwance Ƙarƙashin Yashin Gagare

A watan Afrilu, in ka tsaya bakin gulbin Gagare a Ƙauran Namoda, yashi kawai za ka gani shimfiɗe fari fat har inda ido ya tsaya. Amma tun kafin hantsi za ka iske mutane a tsakiyarsa, kowa durƙushe kan raminsa. Na ga wata yarinya ta tona da ƙoƙo har hannunta ya nutse zuwa kafaɗa, sannan ta zauna jira. Ruwan na tsattsafowa a hankali. Na farko mai laka ne, ta kwashe ta watsar. Na biyu ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, tana tacewa da bakin kallabinta. Kafin jarka mai lita 25 ta cika, sa'o'inta sun daɗe da shiga aji.

Gulbin nan kuwa shi ne wanda a watan Agusta yake cika ya batse, ya ci gaɓa, ya shanye gonakin fadama. Shi da Bunsuru, mai ratsa ƙasar Zurmi, suna gangarawa wajen Shinkafi da Isa su zama gulbin Rima, ruwan ya tafi ya kwanta a madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, mai ɗaukar mita kubik miliyan 942. Wata huɗu ruwa na wucewa ta ƙofar gidanmu, wata takwas muna sayensa.

A hannun 'yan ga-ruwa ake saye, masu tura kura cike da jarkoki lungu-lungu. Su ma saye suke yi a wurin masu burtsatse, mai burtsatse kuma da janareta yake jawowa. Shi ya sa da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin jarka ya bi kuɗin mai ya hau. Haƙa burtsatsen ma ba kullum ake dacewa ba, don ƙarƙashin ƙasar Ƙaura dutse ne, sai an faɗa kan tsaga ake samun ruwa, wani kuma da bazara ta yi tsanani sai ya ƙafe. Ga baƙi sun ƙaru: mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka tasa sun baro rijiyoyinsu, sun zo suna bin layi a famfon da ko 'yan gari bai isa ba.

Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa. Yanzu zafi ya ƙaru, ruwan sama kuma kan zo da ƙarfi a dare ɗaya ya wuce kafin ƙasa ta sha. Duk wani shirin ruwa na ƙaramar hukuma da ya tsaya ga ƙirga sababbin burtsatse, a ganina ya bar jaki yana dukan taiki. Tanadi ake bukata.

Rumbun kuwa yana nan, shi ne yashin da yarinyar ke tonawa. A yankunan Machakos da Kitui na ƙasar Kenya, inda gulabe ke ƙafewa kamar namu, mutane kan gina 'yar katangar siminti ta gitta gulbi. Damina ta tara yashi a bayanta, yashin ya riƙe ruwa ya ɓoye shi daga rana da sauro, a kafa famfon tuƙa-tuƙa a gefe a sha har rani ya fita. Ƙananan rafukan da ke zuba a Gagare da Bunsuru sun cancanci a auna su don irin wannan aiki. Haka kududdufan cikin gari, da ake cikewa da shara a yanka filaye, su ne ke shayar da rijiyoyin unguwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da safiyar nan shi ne wata tifa da ta sauko cikin gulbin, taku kaɗan daga ramin yarinyar. Samari shida suka kama lodi da shebur, yashin da suke jefawa ciki yana ɗigar ruwa.